Godiya ga Waɗanda Suka Sake Cika Mini Adakata

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yau kwana huɗu da watsewar taronmu na tsofaffin 'yan wasan ƙwallon kwando a Katsina. Baƙonmu na ƙarshe ya tsaya Gusau wajen 'yan'uwansa, sai daren jiya ya kira ni ya ce ya isa Sakkwato lafiya. Daga nan ne hankalina ya kwanta, na ce to yanzu sai in zauna in yi godiya. Alhamdu lillahi, duk wanda ya zo ya koma gidansa lafiya, babu wanda ko ƙwarzane ya samu a hanya.

Da yawanku kun ga hotunan taron ba ku san mafarinsa ba, don haka bari in faro daga can.

A daminar bana, wani dare bayan sallar isha, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Rariyar gidana ta toshe, ruwa ya rasa hanya, ya kwanto cikin ɗakin da ke kusa da zaure. A nan nake ajiye wata tsohuwar adaka koriya wadda mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya saya mini ranar da zan tafi jami'a. Babu kuɗi a cikinta, babu takardar fili. Abin da ke ciki hotuna ne na zamanin da muke buga ƙwallon kwando, da jerin sunayen 'yan wasa da ake bugawa da tafireta, da jesita, da wani littafi mai baƙin bango da nake rubuta makin kowane wasa a ciki. Kusan shekara 40 ina tara su. Da gari ya waye na buɗe, sai na tarar hotunan sun manne da juna kamar an shafa musu koko. Ka kama gefen ɗaya ka ja a hankali, sai fuskar mutum ta bi bayan ɗaya hoton ta tafi, a bar ka da jesi da gajeren wando babu mai su. Tawadar littafin kuwa ta narke ta zama shuɗin ruwa. Na zauna a bakin ƙofa na kasa cewa komai.

Godiyata ta farko ga maiɗakina take. Ita ta karɓe su daga hannuna ta ce, "Malam, kar ka ɓamɓare su da ƙarfi, bari su sha iska tukuna." Ta shimfiɗa tabarma ƙarƙashin rumfa, ta jera su ɗaya bayan ɗaya, tana danne kusurwar kowanne da ɗan dutse don kada ya nannaɗe. Kwana uku tana juya su kamar mai shanyar kuɓewa. Cikin hotuna sama da 100, waɗanda suka tsira ba su fi 20 ba, kuma da hannunta suka tsira. Sai ɗiyata, wadda ba ta gaya mini ba ta ɗauki hoton tabarmar nan da wayarta ta sa ƙanena ya tura zauren WhatsApp na tsofaffin 'yan wasa. Da farko na yi mata faɗa. Yau ina neman afuwarta a bainar jama'a. Allah ya yi miki albarka.

Yaran yanzu za su ce mene ne abin damuwa a kan tsofaffin hotuna. Ga dalili. A zamaninmu babu jami'a ko ɗaya a ƙasar Katsina, ita kanta jihar sai a 1987 aka cire ta daga Kaduna. Bakatsinen da ya samu gurbin karatu, ko dai jami'ar Zariya, wadda aka buɗe a 1962, ko Kano, ko Sakkwato, wadda aka kafa a 1975. Ni Sakkwato Allah ya kai ni. Saboda haka sai ka ga 'yan unguwa ɗaya, waɗanda suka yi makarantar allo a zaure ɗaya, sun haɗu a fili kowa da launin jesinsa, kowa na neman ya kunyata ɗan'uwansa. Mu kan taso daga Sakkwato da asuba, mu bi ta Gusau mu faɗo Funtuwa, mu shiga Zariya ƙafafu a kumbure saboda matsin mota, dogayen cikinmu gwiwa na dukan kujerar gaba. Washegari mu shiga fili. In an yi hutu kuma mu da waɗanda muka gwabza da su mu taru a ƙofar gida ɗaya muna damun fura. Labarin wannan zamani na ɗan ƙasar Katsina babu inda aka rubuta shi a wuri guda. Yana cikin adaka irin tawa, da kawunan mutanen da kullum raguwa suke yi.

Ban yi zaton saƙon nan zai wuce "Allah ya mayar da alheri" ba. Sai ga hotuna suna shigowa. Daga Kano, daga Zariya, daga Kaduna, daga Jos, har daga wani da ke aiki a Saudiyya. Abin da ya fi taɓa ni, mafi yawan waɗanda suka turo ba 'yan makarantarmu ba ne. Abokan hamayya ne, mutanen da na yi shekaru ina ture su a ƙarƙashin allo suna ture ni. Wani ya turo hoton da ban taɓa sanin an ɗauka ba, ga ni a sama hannu a miƙe, ga shi ya tare ƙwallon. Ya ce shekara da shekaru yana nuna wa 'ya'yansa, yanzu ya ga ya kamata ni ma in samu.

Akwai wanda ba zan iya wucewa ban tsaya a kansa ba. Ɗan unguwarmu ne, ya girme ni da shekara biyu, shi Zariya ya yi. Dogo ne, hannuwansa kamar tabarya, a fili ba ya magana ba ya dariya. Tabon da ke saman girata ta hagu gwiwar hannunsa ce. Ranar da abin ya faru shi ya raka ni aka yi mini ɗinki, bai ce mini sannu ba har aka gama, amma bai tafi ba. Allah ya yi masa rasuwa shekarun baya. Mako biyu bayan ruwan nan, da la'asar, aka yi sallama, na fito na ga wani saurayi dogo tsaye da leda a hannu. Tun kafin ya buɗe baki na gane ɗan wane ne, don tsayuwar mahaifinsa ce sak. Ya durƙusa ya gaishe ni ya ce, "Baba, Mama ta ce in kawo maka wannan. Ta ce wajenka ya fi dacewa ya zauna." Kundin hotunan marigayin ne gaba ɗaya, a bayan kowane hoto ya rubuta gari da sunayen waɗanda ke ciki da hannunsa. Na shiga ciki na bar yaron a zaure na ɗan lokaci, don ban so ya ga idona ba. Hajiya, ban san da wane baki zan gode miki ba. Allah ya jiƙan maigidanki, ya haskaka kabarinsa, ya raya abin da ya bari. Na kwafe hotunan, ainihin kundin kuma zan mayar muku da kaina, don gadon yaran nan ne.

Daga nan ne wani ya ce tunda hotuna sun haɗu, me zai hana masu hotunan su haɗu. Zumunta a ƙafa take. Aka sa ranar Asabar, aka ce a Katsina.

Ina gode wa malaminmu, tsohon malamin jami'a da ya yi ritaya, wanda duk da ciwon ƙafa ya tsaya kusan awa guda yana ba yara tarihin wasan. Ya faro daga 1891, lokacin da James Naismith, ɗan ƙasar Kanada da ke koyarwa a Springfield ta Amurka, ya nemi wasan da ɗalibai za su yi a cikin ɗaki saboda tsananin sanyi, ya rataye kwanduna biyu na zuba 'ya'yan itace, ya rubuta dokoki 13. Yara suka yi ta mamaki da suka ji kwando ne na gaske, har da gindinsa, sai an hau an ciro ƙwallon duk lokacin da aka ci. Ashe sunan da Bahaushe ya ba wasan ya fi kusa da asalinsa fiye da zoben ƙarfe da raga da muke gani yau.

Amma inda ya fi jan hankalina shi ne da ya nuna cewa ko a can Amurka gasar jami'o'i daga maƙwabta ta faro. Makarantun yanki ɗaya ne suka riƙa haɗa kai suna tsara wasanninsu, kamar ƙungiyar da ake kira Big Ten, wadda aka kafa tun 1896. Gasar ƙasa ta NCAA sai a 1939 ta zo, da makarantu 8 kacal, jami'ar Oregon ta ɗauki kofin, kafin daga baya ta bunƙasa ta kai makarantu 68. Ya kawo misalin jami'o'in Duke da North Carolina, waɗanda hamayyarsu ta yi suna a duniya, alhali tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai rabin tafiyar Katsina zuwa Jibiya ba. Sannan ya ce tun 2024 ita Big Ten ɗin makarantu 18 ne a cikinta, daga wannan gaɓar teku zuwa waccan, saboda kuɗin talabijin. Ni dai a ganina sun yi asara. Wasan da ɗalibi ba zai iya shiga mota ya bi makarantarsa ya kalla ba, ya rasa wani abu da kuɗi ba sa maye gurbinsa.

Ya dawo gida ya tuna mana cewa wasannin jami'o'in Najeriya, NUGA, a Ibadan aka fara su a 1966, lokacin jami'o'in ƙasar duka biyar ne: Ibadan, Nsukka, Ife, Legas da Zariya, kuma Zariya ce kaɗai a Arewa. Ya ambaci Oliver Johnson, Ba'amurken kocin da ya yi shekaru masu yawa yana horar da yara a Zariya, wanda a hannunsa Masai Ujiri ya koyi wasan, shi Ujiri da ya shugabanci ƙungiyar Toronto Raptors har ta ci kofin NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, a 2019. Da aka zo kan Hakeem Olajuwon, wanda ya tashi daga Legas ya kai jami'ar Houston wasan ƙarshe na gasar NCAA a 1983 da 1984 bai ci ko ɗaya ba, kafin ya ɗauki kofin NBA a 1994 da 1995, kuma yana azumin Ramadan yana buga wasa, sai wurin ya yi tsit. Na lura da wani yaro a sahun gaba da ya daina taɓa wayarsa tun daga nan. Malam, Allah ya ƙara lafiya, ya saka da alheri.

Bayan azahar ɗalibai suka shiga fili, wasan sada zumunta tsakanin yaran da ke karatu a jami'o'in jiharmu. Ina zaune ina kallonsu ina tuna cewa Al-Qalam a 2005 ta zo, ta Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2006, ta tarayya da ke Dutsin-ma a 2011. Yau ɗan Ƙofar Marusa zai sa jesin makarantar garinsu, mahaifiyarsa ta hau a-daidaita-sahu ta zo ta gan shi. Mu iyayenmu har suka koma ga Allah ba su taɓa ganin mun jefa ƙwallo ba. Dattawa a benci suka yi ta gardama da yaran a kan doka. Mu zango biyu muka sani, kowanne minti 20, da daƙiƙa 30 na kai hari. Su kuma tun 2000 zango huɗu ne na minti goma-goma da daƙiƙa 24. Layin maki uku ma muna cikin wasa aka kawo shi a 1984, shi ya sa har yau tsofaffinmu ke ganin jifa daga nesa ragwanci ne. Yaran nan ba su gaji da mu ba, kowa aka yi wa gyara sai ya ce "To Baba." Bayan an tashi, waɗanda aka ci ne suka fara zuwa suka miƙa hannu. Na gode muku, na gode wa masu horar da ku da iyayen da suka ba ku tarbiyya.

Akwai waɗanda ba su fito a hoto ko ɗaya ba. Mai walda da ya zo ranar Alhamis ya tarar zoben ya sunkuya, ya hau tsani ya daidaita shi a ƙafa 10 cif, ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce shi ma a wannan filin ya yi wasa yana sakandare. Samarin unguwa da suka share filin suka sake zana layukansa da fenti cikin dare da hasken fitilar waya. Alƙalan wasa biyu da suka zo da usur ɗinsu. Ma'aikacin lafiya da ya wuni zaune da akwatinsa, Allah ya sa bai buɗe ba sai don wani yaro da ya gurɗe. Sai iyayenmu mata da suka kwana a gindin murhu, tuwon shinkafa da waina da zoɓo har baƙi suka yi guzuri. Da waɗanda suka sauki baƙi a gidajensu, da wanda ya biya kuɗin rumfa da kujeru ya ce in na faɗi sunansa ba zai yafe mini ba. Allah ya san ku.

Ina kuma neman gafarar waɗanda suka tsaya a rana saboda kujeru sun kasa, da waɗanda saƙon gayyata bai kai gare su ba. Laifina ne, ban yi zaton jama'a za ta kai haka ba. 'Yan'uwanmu na Daura da suka ce taro na gaba a wajensu za a yi, mun ji, in Allah ya kai mu.

Saura roƙo ɗaya. A cikin kundin marigayi akwai hoto guda da bai rubuta komai a bayansa ba. Mutum bakwai ne tsaye a gaban wata farar bas, biyar mun gane su. Biyun da ke gefen dama, ɗaya ya rataya tawul a wuya, ɗaya na riƙe da ƙwallo a ƙugu, duk dattawan da suka zo babu wanda ya tuna sunansu. Na sa hoton a ƙarƙashin wannan rubutu. Duk wanda ya gane mahaifinsa ko kawunsa, don Allah ya yi mini magana.