Kai rawa ƙasar waje: aikin da ke bayan fage

Kamfaninmu ƙarami ne a Jos. Aikinmu shirya 'yan rawa da makaɗa idan ofishin jakadanci ko masu bikin al'adu a waje suka aiko da gayyata. Gwamnatoci sun daɗe da sanin cewa rawa jakadiya ce: Amurka ta tura 'yar rawa Martha Graham ƙasashen Asiya a 1955, ƙungiyar rawa ta Alvin Ailey kuma ta zaga Afirka a 1967.

Babban aikin shi ne sake wa rawar tsari. Asharuwa ta ƙabilar Afizere da Koroso ta Kano a fili ake yinsu, jama'a sun yi zobe, babu mai duba agogo. A dandamalin waje kuwa 'yan kallo gefe ɗaya suke, a zaune cikin duhu, kuma da wuya a ba ka fiye da minti 20. Dole a buɗe zoben ya koma rabin da'ira don kada a juya wa mutane baya, a rage maimaici, a tsara shiga da fita. Nan dabarun rawar zamani suke amfani. Sai dai in yankan ya yi yawa, abin ya koma motsa jiki kawai. Mu dai ba ma taɓa kiɗan. Ƙafa muke gyarawa ta bi shi.

A tambayi irin daɓen tun kafin a tashi. Siminti na lahanta gwiwa, katako ya fi.

Ganga ma ba ta son baƙunta. Sanyi da laima na sa fatar ta saki, sauti ya mutu, don haka a ɗumama ta da na'urar busar da gashi kafin a hau. Kayan ado na fatar namun daji a bar su gida, yarjejeniyar CITES mai kare namun daji ta sa kwastam na iya ƙwacewa. A jirgi jaka galibi kilo 23 ce, manyan ganguna sai an biya musu daban.

Sai biza. Ta Schengen, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, Yuro 90 ce kan kowane mutum, ana iya nema tun saura wata shida. A nema da wuri. Ta Amurka ga masu wasan al'ada P-3 ce, kuma daga can mai gayyata zai fara shigar da takarda. Wajen zaɓen masu tafiya muna duba hali kafin gwaninta, domin mutum ɗaya in ya sulale ya ƙi dawowa, bizar sauran ce za ta yi wuya a tafiya ta gaba.