Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ƙwallon da Ya Daki Silin

A makon jiya mun tsaya inda aka tura ni koyar da fiziks a wata sakandaren kwana. Ɗakin gwajinmu suna ne kawai. Ga WAEC ta ƙarato, yara sun haddace dokar ƙarfin tafiya tsaf, wato nauyin abu a ninka da gudunsa, jimillarsa kafin karo ita ce bayan karo. Amma da zarar nauyin abubuwan biyu ya bambanta, sai lissafi ya cakuɗe musu.

Sai na aro ƙwallon kwando da na tenis wajen malamin wasanni. Na ɗora ƙaramin a kan babban, na sake su tare daga daidai ƙirjina. Babban ya ɗan tashi da ƙyar, ƙaramin kuwa ya harba sama ya daki silin har ƙura ta zubo. Aji ya kaure. Wani daga baya ya ce, "Malam, wallahi da hannu ka jefa!" Na miƙa masa ya sake da kansa, ƙwallon ya kusa fasa mana ƙwan lantarki.

Babban ne ke fara taɓa ƙasa, ya juyo sama ya tari ƙaramin yana saukowa. Ɗan abin da mai nauyi ya rasa na ƙarfin tafiya, a jikin marar nauyi gudu ne mai yawa. Da karon bai cin kuzari ko kaɗan, kuma babban ya fi ƙaramin nauyi nesa ba kusa ba, gudun ƙaramin zai ninka sau 3, tsayin tashinsa sau 9. Namu bai kai haka ba, roba da iska sun ci rabonsu.

Wata yarinya ta ce, "To Malam, ina amfaninsa?" Irin tambayar da nake so ke nan. Da lissafin karo irin wannan masanin fiziks James Chadwick ya gano nutron, wata ƙwaya da ke cikin tsakiyar atam, a 1932. Na'urar nukiliyar bincike da ke Zariya, wadda ta fara aiki a 2004, da ruwa take rage gudun nutron, domin ƙwayar haidirojin da ke cikin ruwa nauyinta kusan ɗaya da na nutron, karo kamar 18 da ita ya isa a rage masa gudu yadda ake buƙata. Da kabon kuwa, da yake ƙwayarsa ta fi nutron nauyi sosai, sai karon ya haura 100.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin yadda shugaban makaranta ya kira ni ofis a kan silin ɗin nan.