Yajina da damina, da robar da ta ƙi cika

Shekara shida ke nan ina daka yaji ina sayarwa, kuma babu watan da nake fargaba kamar Agusta. Ki daka barkono da citta da masoro da ƙuli-ƙuli, ki tankaɗe ya yi laushi, ki zuba a roba. Bayan kwana goma wata Hajiya ta kira ki ta ce yajin ya zama dutse, sai da ta sa bayan cokali ta farfasa. Abin yana min ciwo, domin na san kayan da na zuba masu kyau ne.

Ƙanena da ya karanta kimiyyar abinci shi ya warware min. Ya ce, "Yaya, gishirin ne da dunƙulen miya." Idan danshin iska ya kai wajen kashi 75 cikin 100, gishiri yakan fara shan ruwa, jikin kowace ƙwaya ya ɗan narke. Ruwan nan ya haɗa ƙwaya da ƙwaya. Rana ta fito, ruwan ya bushe, gishirin da ya narke ya sake daskarewa a tsakaninsu, shi ke nan sun manne. Man ƙuli-ƙuli kuma yana ƙara nasa danƙon. Danshin nan shi ne dalilin da ya sa iyayenmu ke jefa ƙwayar shinkafa a cikin gishiri.

Masu masana'anta sun daɗe da nasu maganin. Tun 1911 kamfanin gishiri na Morton a Amurka ya fara zuba wani sinadari mai suna magnisiyam kabonet don gishirinsa ya riƙa zuba ko ana ruwa. Sukarin da ake barbaɗa wa kek kuma sitacin masara ake ɗan sa masa. Wanda ƙanena ya samo min shi ne silikon dayoksaid na abinci, wanda za ki ga an rubuta E551 a jikin leda. Fari ne fat, ba ɗanɗano, ba nauyi ko kaɗan. Da na buɗe ledar, numfashina kaɗai ya tayar da shi. Ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, sai su lulluɓe ƙwayoyin yajin su shiga tsakaninsu, su tsotse danshi da mai. A dokar Amurka ba a yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin abincin ba, ni ko rabin haka ba na kaiwa.

Na gwada a faranti biyu. Wanda ba a sa wa komai ba ya tsaya tsibi mai tsini, yana zubewa gutsure-gutsure. Ɗayan kuwa ya malale ya baje kamar yashin rafi. Na ji daɗi sosai.

Abin da ban zata ba shi ne awo. Ni da roba nake sayarwa, ba da sikeli ba. Dakan da ya saba cika min roba ashirin sai ya tsaya a sha tara, alhali ban rage komai ba. Na sake ƙirgawa har sau biyu. Ashe garin da ke mannewa yakan bar ramukan iska a cikinsa, ya yi kamar yana da yawa. Da ya samu santsi, sai ƙwayoyin suka zame suka cike ramukan, suka kwanta. Robar ba ta canja ba, amma yajin da ke cikinta ya fi na da nauyi. Wato a da har da iska nake auna wa mutane, ban sani ba, kuma wannan ya tsaya min a rai fiye da robar da na rasa.

Sau ɗaya hannuna ya zarce na zuba da yawa. Garin ya kumbura ya yi shafal, domin shi kansa sinadarin ba shi da nauyi, ga ƙurar barkono ta cika ɗaki muna ta atishawa. Ban sayar da wannan dakan ba.

Yanzu na sayi ƙaramin sikeli. Ina rubuta giram a jikin kowace roba, da sunan sinadarin a cikin jerin kayan haɗi, domin mai ci yana da haƙƙin sanin abin da ke cikin yajinsa. Hajiyar nan ta tambaye ni mene ne E551, na ɗauko ledar na nuna mata, ta murza kaɗan a yatsa, ta ce a ba ta roba biyu.