Kuɗɗin aike ya fi kayan tsada

Wallahi har yanzu abin na ci min rai. Kwana ukku ina bin gwanjon wani agogo a intanet, daren da anka rufe ko barci ban yi ba, na ci shi dala 14 ina ta murna har na nuna ma ƙanena. Da na zo biya sai ga kuɗɗin aike dala 48, agogon da bai kai nauyin goro biyar ba! Ashe nan mai kayan ya ɓoye ribarshi, ya karya farashi don mu yi ta rububi. Ban da kwastan fa, ga kuɗɗin mota daga Legas zuwa Sakkwato. Na roƙe shi ya rage, wai kwali da leda ne. Jama'a wane irin kwali ne wanga?