Godiya ga waɗanda suka tsaya min har Amshi ya yi magana

Alhamdulillahi. Ranar Asabar da ta wuce, bayan la'asar, mun taru a wani shago a Samaru ta Zariya, mu kusan ashirin, aka kunna na'urar da na shafe wata goma ina fama da ita. Har aka tashi tana aiki, ba ta yi ko tari ba. Tun ranar nake jin nauyin mutanen da ban gode musu a bainar jama'a ba.

Ga wanda zancen ya zame masa baƙo: akwai irin sintesaiza, wato na'urar haɗa sautin kiɗa da lantarki, da ba a sayenta dunƙule, ɓangare-ɓangare ake jerawa a akwati, a haɗa su da 'yan wayoyi. Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne Eurorack, wanda kamfanin Doepfer na Jamus ya fito da shi a tsakiyar shekarun 1990. Ni ɓangare ɗaya na gina a kan ɗan allon nan Daisy Seed na Electrosmith, na rubuta masa manhaja da harshen kwamfuta na C++. Ka danna maɓalli ya ɗauki sauti, ka sake dannawa ya yi ta maimaitawa, kai kuma kana ɗora wani a kai. Aikin 'yan amshi ke nan a bayan mawaƙi, shi ya sa na raɗa masa suna Amshi. Allon yana da ma'adanar megabait 64, kuma da yake yana ɗebo sauti sau 48,000 a kowace daƙiƙa, layi ɗaya kan ɗauki kusan minti 6.

Na fara da Malam mai gyaran rediyo na Sabon Gari. A Eurorack, jan layin da ke jikin wayar wuta ɓangaren bolt -12 yake bi, kowa ya san wannan, ni ma na sani. Amma wani dare an ɗauke wuta, tocilan na bakina, na cusa ta a juye. Warin ƙuna ne ya ba ni labari. Da safe na kai masa, ko awo bai yi ba, ya kai allon hanci ya ce, “Ta baya ka ba shi wuta, ko?” Ya ciro 'yar na'urar ƙara ƙarfin sauti mai lamba TL072 daga wata tsohuwar amfilifaya da ke ƙarƙashin teburinsa ya sauya wadda ta ƙone, ya ƙara min dayod biyu, masu hana wuta shiga ta baya, saboda irin wannan ganganci. Na ce, “Malam, nawa zan bayar?” Ya ce, “Je ka, ɗan nan. In ya yi kuka ka kawo in ji.” Allah ya saka da alheri, Malam.

Sai Baba mai kalangu daga cikin birni, wanda a gaskiya rabin manhajar nan tasa ce, ko da yake bai taɓa kwamfuta ba. Lokacin da na kira shi gwaji, ni a ganina aiki ya ƙare. Ya yi kiɗa, na'ura ta maimaita sau biyu, ya ɗaga hannu. Ya ce akwai wani “ƙas” da ba shi ya buga ba. Gaskiyarsa: inda ƙarshen sautin ya haɗu da farkonsa ba su zo daidai ba, lasifika sai ta yi tsalle. Na gyara ta hanyar sa ƙarshen ya dusashe a cikin farkon na tsawon milisakan 5. Mako ya zagayo, ya dawo, ya saurara, ya ce, “Yaro, injin naka yana cinye min kan kiɗa.” Na rantse masa lissafina daidai ne. Ya yi dariya kawai. Kwana uku ina kallon zanen sautin kafin in gane: Baba yakan matse kalangun a hammata ya shigo kafin bugun da ni nake ƙirgawa a matsayin na farko, kafin yatsana ya kai maɓalli har ya wuce. Yanzu Amshi kullum kunnensa a buɗe yake, yana riƙe da ɗan abin da ya gabata, in ka danna sai ya haɗa da shi. Ranka ya daɗe, na gode, kuma na janye rantsuwata.

Ina gode wa abokina da ya sako min allon a jakarsa daga Ingila, da maƙwabcinmu da ya bar min batir da inbata duk tsawon hunturu, da ɗaliban injiniya na Jami'ar Ahmadu Bello da suka yi ta danne-danne har suka gano inda take sandarewa. Uwargida kuwa, wadda ta sha jin bugu huɗu suna zagayawa ƙarfe biyun dare ba ta ce komai ba sai sau ɗaya, ban san da me zan biya ta ba.

Manhajar tana shafin intanet na GitHub, kyauta, kowa ya ɗauka ya gyara yadda yake so. Sawa ba wuya: ka haɗa kebul na USB, ka riƙe maɓallin BOOT na jikin allon, ka taɓa na RESET, ka tura manhajar. Sai dai ku sani, har yanzu ba ta ajiye sauti a kati, in wuta ta ɗauke abin da ka ɗora ya tafi, kuma in agogon waje, wato bugun lokacin da wata na'ura ke aiko mata, ya sauya gudu farat ɗaya takan ɗan zame. Su zan tunkara bayan salla in Allah ya kai mu. Kafin nan, gobe da hantsi zan ɗauki akwatin a keke napep zuwa Sabon Gari, Malam bai ji kukan ba tukuna.