Yadda ake mayar da iskar kabon ƙarƙashin teku a Sleipner

Tun 1996 ake raba iskar kabon da gas ɗin da ake haƙowa a Sleipner, cikin tekun ƙasar Norway. Gas ɗin yana fitowa da kabon kusan kashi 9 cikin 100, alhali masu saye ba sa karɓar fiye da kashi 2.5. Sai a ratsa da shi cikin ruwan sinadarin amin, wanda ke kama kabon, sannan a ɗumama ruwan ya sake shi, a matse, a tura cikin dutsen yashi na Utsira, wani shimfiɗaɗɗen dutse da ke can ƙarƙashin ƙasan teku. A ganina, harajin da Norway ta sanya a 1991 kan kabon da ake saki cikin iska ne ya haifi aikin, domin matse kabon da tura shi ƙarƙashin teku yana cin kuɗi ƙwarai, kuma kamfani ba ya ɗaukar irin wannan tsada haka kawai.