Hadarin yau da maganar Kawu

Laraba. Sha ɗaya ta wuce, kowa ya yi barci sai ni, maganar Kawu ce take ta yi min yawo a kai tun magariba.

Da safe makaranta, firiyod biyu kawai da 'yan SS2. Na biya kasuwa na sayo wa maman yara manja. Ba wani abu.

Kawu ya iso daga Kumo bayan azahar. Muna zaune a zaure bayan la'asar sai iska ta tsaya cak, zufa ta ko'ina, ya leƙa waje ya kalli gabas ya ce ku kwashe shanya, wannan ba zai kai magariba ba. Wallahi haka aka yi. Ƙura ta fara zuwa, ledoji suna ta tashi sama, sai ruwa kamar da bakin ƙwarya, bai cika awa guda ba ya tattara ya yi yamma abinsa.

Ni kuma da daɗin hira na ce Kawu ka san irin wannan tarin hadarin wani sa'in shi ke zama mahaukaciyar guguwar da ake nunawa tana tsige rufin gidaje a Amurka? Ya ajiye kofin shayinsa ya ce kai ɗan nan. Na ce da gaske, da damina akwai wani kaɗawar iska da ke tasowa daga wajen tsaunukan Habasha da Sudan, duk kwana 3 zuwa 5 sai wani ya taso, ya ratsa Chadi da mu da Nijar da Mali yana jan hadari, har ya faɗa teku ta Senegal. Yawanci a nan suke mutuwa. Amma in ya tarar ruwan tekun ya kai ɗumin digiri 26 da rabi, iskar sama ba ta yayyaga shi ba, busasshiyar ƙurar Sahara ba ta shaƙe shi ba, sai ya fara juyawa yana shan tururin teku yana ƙara ƙarfi. Mafi yawan manyan guguwoyin Atlantika daga nan asalinsu yake.

Ya ce to wa ya bi shi ya gani?

Nan fa na sake baki. Na ba shi labarin 1974 da ƙasashe suka haɗu a Dakar da jiragen ruwa kusan 40 don auna iskar wannan yankin, da 2006 da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta ajiye jirgin samanta DC-8 a tsibirin Sal na ƙasar Kef Bade da ke cikin teku yamma da Senegal tana shiga cikin hadarin da ya baro Afirka. Na nuna masa bidiyo a waya, jirgin NOAA, hukumar yanayi da teku ta Amurka, mai farfela huɗu yana kutsawa har cikin idon guguwa, mutanen ciki ɗaure da bel suna jijjiga, suna sako wata 'yar na'ura kamar filas ɗin shayi mai 'yar lema, tana gangarowa tana aiko da zafi da laima da gudun iska har ta nutse. Kuma duk da haka abin bai gama kamuwa ba, wata guguwa mai suna Otis a tekun Pasifik a 2023 cikin kwana guda ta tashi daga guguwa mai sauƙi ta kai mataki na 5, mafi ƙarfi ke nan, ta afka wa birnin Akapulko na Meksiko mutane ba su gama shiri ba.

Kawu ya yi shiru, can ya ce: su suna tare shi a ƙarshen hanya, mu da yake bi ta kanmu wa ya tambaye mu?

Ban ba shi amsa ba. Aka kira salla muka tashi.

Abin ya tsaya min. Mutumin nan shekara nawa yana duban gabas yana faɗin lokacin saukar ruwa, ba a rubuta ko layi ɗaya ba. Ni kaina shekara nawa ina koyar da yanayi a kan allo, ma'aunin ruwan sama na makarantarmu ya tsage tun bara yana jingine a sito, ko milimita nawa aka yi yau ban sani ba. Raina bai yi daɗi ba gaskiya.

Na ware gorar roba biyu da rula na saka a jaka, gobe da ɗalibai za mu yanka mu yi ma'aunin ruwan sama mu kafa a bayan aji. Kawu da asuba zai koma, na ce ya riƙa kirana duk ranar da aka yi ruwa a Kumo in rubuta, ya ce to.